Sarewar katako ko ta ƙarfe: wacce za ka ɗauka don busa kiɗan caranga na Kyuba?

Duk wanda ya taɓa sauraron tsofaffin fayafayan Orquesta Aragón na shekarun 1950 ya san wannan siririyar murya mai kaifi da ke yawo can sama da goge da ganga da 'yan amshi, tana tsalle tana yanka, ba ta taɓa nutsewa cikin hayaniyar sauran kayan kiɗa. Richard Egües ne ke busa ta, kuma abin da ke hannunsa sarewar katako ce mai maɓallai biyar, ƙirar Faransa ta ƙarni na 19, wadda Turawa suka riga suka ajiye tun da daɗewa. Mabushin da ke son shiga wannan kiɗa a yau yana da hanya biyu a gabansa: ya nemi irin wannan ta katako, ko ya riƙe sarewar ƙarfe ta zamani mai tsarin Boehm, wadda ake koyarwa a kowace makarantar kiɗa. Dukkansu an yi suna da su a kiɗan rawa na Kyuba, amma abin da kowacce ke nema a wurin mai ita ya sha bamban ƙwarai.

Kafin a auna su, a san aikin da za a sa su

Danson, wato kakan wannan kiɗa, a Matanzas aka fara shi, kuma ana danganta shi da Miguel Faílde a shekarar 1879. Ƙungiyoyin farko ƙahonnin tagulla da kilarinet da manyan ganguna suke amfani da su, kayan da suka dace da fili. A farkon ƙarni na 20 sai aka samu ƙaramar ƙungiya ta cikin zaure, wadda ake rubuta sunanta charanga a jikin fayafayai: sarewa guda, gogen Turawa biyu ko uku, fiyano, babban goge na tsaye mai ba da ƙasan sauti, timbal (ƙananan ganguna biyu masu jikin ƙarfe da ake kaɗawa da sanda), da gwiro, wato gora mai tsage-tsage da ake karta. Ba ƙaho ko ɗaya. Duk aikin da ƙaho da kilarinet suke yi a da, a kan sarewa ɗaya tak ya faɗo, kuma a lokacin babu makirfo.

Danson yana da fasali tsayayye. Akwai mabuɗi da ake maimaitawa tsakanin sassa, wanda masu rawa kan tsaya a farkonsa su gaisa, mata su yi fifita. Sai sashen sarewa, inda ake rubuta mata layi mai sauri da ƙawa. A koma mabuɗi, sai sashen goge mai sanyi. Tun daga 1910, lokacin da José Urfé ya shigo da salon wani kiɗan Kyuba da ake kira son a ƙarshen danson, aka samu sashe na ƙarshe mai zafi da ake kira montuno, inda fiyano da goge ke ta maimaita gajeren zagaye, sarewa kuma ta ƙirƙiri abin da za ta busa nan take. Antonio Arcaño, wanda shi kansa mabushin sarewa ne, ya kafa ƙungiyarsa a 1937, ya ƙara gangar konga, kuma 'yan'uwa biyu da ke tare da shi, Orestes da Israel López, suka faɗaɗa wannan sashe har ya zama abin da masu rawa ke jira. Da Enrique Jorrín ya fito da sabon kiɗan rawa na ca-ca-ca a 1953, sai waƙa ta shigo sosai, aikin sarewa ya zama amsa wa 'yan amshi: su rera layi, ta cike gurbin da suka bari, su dawo ta ja baya.

Daga nan ake gane abubuwa uku da ake nema. Sarewar ta iya zama a hawa na uku na sauti ta leƙa na huɗu ba tare da ta shaƙe ba (sautuka suna jere ne do, re, mi, fa, sol, la, si, kuma daga do zuwa do na gaba shi ne hawa ɗaya). Kowane sauti ya fito da kai mai kaifi, don mabushin caranga rabin aikinsa na makaɗi ne. Sannan ta jure dare guda ana busawa. Dalilin hawa sama ba ado ba ne kawai. Do na farkon hawa na huɗu yana kusan 2,093 a ma'aunin hertz, wato yawan girgizar sauti a daƙiƙa ɗaya, sol da ke samansa kusan 3,136, kuma a wannan yanki ne kunnen ɗan Adam ya fi jin sauti. Goge da muryar mawaƙa da fiyano sun cika tsakiya, ƙasa na babban goge ne da konga, saboda haka sarewar da ta sauko hawa na ɗaya ta ɓace.

Ta katako mai maɓallai biyar

Tsawonta kusan santimita 60. Tana da ƙofofi shida da yatsu ke toshewa kai tsaye, sai maɓallai biyar na sautukan da ke tsakani: mi mai sauka, fa, sol mai hawa, si mai sauka, da do na sama ("mai sauka" rabin taki ne ƙasa da sautin, "mai hawa" rabin taki sama da shi, rabin taki kuwa shi ne mafi ƙanƙantar tazara tsakanin sauti da sauti a fiyano). Mafi ƙasan sautinta re ne, kuma idan ka ɗaga yatsu ɗaya bayan ɗaya, jerin gidan re za ta ba ka, wato jerin sautuka bakwai da ke farawa daga re. Kanta miƙaƙƙen bututu ne, amma gangar jikinta tana tsukewa a hankali zuwa ƙafa. Wannan tsukewa da ƙananan ƙofofin da Faransawa ke yi su ne sirrinta: suna rage ƙarfin sautukan ƙasa, amma suna sa na sama su buɗe da sauƙi, su fito siriri a dunƙule. Kamfanoni irin su Thibouville-Lamy da Couesnon da Martin Frères sun ƙera su da yawa daga ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, da baƙin katakon girenadila na gabashin Afirka ko na kokus, wanda ke fitowa a Jamaika da Kyuba ɗin kanta.

Mabusan Kyuba ba su bar ta yadda ta zo ba. Gyara biyu suka saba yi. Suna tura matoshin da ke cikin kai ya matso kusa da ƙofar busa, kuma suna ɗan faɗaɗa ƙofar busar. Na farko yana ɗaga sautukan sama ya sauƙaƙa fitarsu, na biyu yana ƙara ƙarfi. Ladan da ake biya shi ne hawa na ɗaya ya ƙara rauni, kuma tazarar da ke tsakanin hawa da hawa ta buɗe, sai mabushi ya riƙa gyara da leɓe. Tunda caranga ba ta zama a ƙasa, sun ga cinikin ya yi. Da irin wannan sarewa ƙwararru ke kaiwa mi da fa har sol na hawa na huɗu, kuma su zauna a can suna wasa, ba taɓawa su gudu ba. José Fajardo, Melquiades Fundora na Orquesta Sublime, Johnny Pacheco a New York, Eddy Zervigón na Orquesta Broadway, Joaquín Oliveros, duk da ita suka yi suna.

Akwai wani abu da yatsa a kan ƙofa ke bayarwa wanda maɓalli ba ya bayarwa. Babu sanda, babu sifirin, babu matashi (ɗan laushin da ke ƙarƙashin maɓalli mai rufe ƙofa) tsakanin fatar yatsa da iskar da ke cikin bututu, don haka ƙananan ƙawa irin su karkarwa da saurin taɓa sautin sama a dawo suna fita a bushe, tas-tas, daidai kan bugun gwiro. Ana kuma iya zame yatsa a hankali a ja sauti daga wannan zuwa wancan.

Matsalolinta fa ba ƙanana ba ne. Na farko daidaiton sauti. Fa mai hawa da do mai hawa sukan zauna ƙasa da inda ya kamata, mi da la na hawa na ɗaya sukan fito a dushe saboda ƙanƙantar ƙofofinsu. Dole a riƙa danna maɓallin mi mai sauka da ɗan ƙaramin yatsan dama a yawancin sautuka don su buɗe. Maɓallin fa kuwa yana tsakanin ƙofa ta biyar da ta shida, kuma yatsan da ke toshe ƙofa ta shida shi ne ke danna shi. Wato daga re zuwa fa sai yatsa ya zame daga ƙofa ya hau maɓalli, abin da ke da wuya a cikin sauri. Shi ya sa ake koyon fa ta biyu, wadda ake samu da toshe ƙofa ta huɗu da ta shida a bar ta biyar a buɗe, duk da ba ta kai ta maɓalli tsabta ba. A gidajen re da sol da la, inda goge ma ke jin daɗi, sarewar tana gudu kamar ruwa. Da an koma si mai sauka ko mi mai sauka ko la mai sauka, inda masu ƙaho suka fi so, aiki ya ninka.

Na biyu, tsufa. Yawancin waɗanda ake samu a kasuwa sun haura shekara ɗari, kuma da yawa an ƙera su ne kan ma'aunin Faransa na 1859, wanda ya sa sautin la a kan hertz 435. Yau fiyano yana kan 440, wasu ma 442. Bambancin 435 da 440 kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na rabin taki, kaɗan a takarda, amma a kunne tsami ne sosai idan sarewa tana saman goge uku. Ana gyarawa da rage tsawon kai da 'yan milimita, sai dai ragin ya fi ɗaga sautukan hannun hagu fiye da na hannun dama, don haka jerin ya ƙara karkacewa. Aiki ne na gwani, kuma abin da aka yanke ba ya dawowa. Haka ma faɗaɗa ƙofar busa: wanda bai taɓa yi ba kada ya gwada da wuƙa ko takardar yashi, domin gefen da iska ke bugawa idan ya dakushe, sarewar ta mutu ke nan.

Na uku, katako yana shan ruwa yana bushewa. Numfashi na jiƙa cikin bututu, waje kuma yana bushe, ciki ya kumbura waje ya ƙi, sai ya tsage. Inda aka fi samun tsaga shi ne kai da ɗan guntun da ke biye da shi, musamman idan an sa musu bututun ƙarfe a ciki don daidaita sauti, saboda katako na tsukewa ƙarfe ba ya tsukewa. Irin wannan kaya ya fi son laimar iska tsakanin kashi 45 zuwa 60 cikin ɗari. Havana gari ne na bakin teku, iskarsa da laima. Mai zaune a Kano ko Zinder ko Yamai kuwa ya san yadda hunturu ke yi wa ƙofar katako da leɓen mutum, lokacin da laima ke faɗuwa ƙasa da kashi 20. Tsohuwar sarewa da aka sauke daga jirgi a watan Janairu aka hau busa ta awa biyu, ba a yi mata adalci ba. Wanda ya ɗauke ta a irin wannan yanayi sai ya ajiye ta cikin akwatin roba mai rufuwa tare da ɗan jiƙaƙƙen soso da ba ya taɓa katakon, da ƙaramin ma'aunin laima. Ya fara da minti goma zuwa sha biyar a rana a makon farko, ya riƙa ƙarawa sannu a hankali har wata guda. Bayan kowace busa a raba gaɓoɓin, a zare ruwan ciki da ƙyalle. A shafa wa cikin bututun man almon kaɗan, sau ɗaya a wata a farko, kuma sai ya bushe sarai, a kiyaye kada man ya taɓa matasan maɓallai don yana sa su danƙo. Idan zoben ƙarfe na bakin gaɓa ya fara juyawa da kansa, alama ce katako ya tsuke, kuma haɗa sarewar a wannan hali shi ke tsaga gaɓar.

Ta wani gefen kuma, gyaran yau da kullum nata mai sauƙi ne. Matasai biyar ne kacal na fata, kowane maɓalli zaman kansa yake. Inda gaɓoɓi ke shiga juna zare ne ake naɗawa a shafa masa kakin zuma, idan ya saki a ƙara 'yan zagaye. Mai haƙuri zai iya koyon wannan a gida.

Ta ƙarfe mai tsarin Boehm

Theobald Boehm na Munich ne ya fito da ita a 1847. Ya juya tsarin tsohuwar: gangar jiki ta zama miƙaƙƙen bututu mai faɗin milimita 19, kai ne ke tsukewa. Ya sa manyan ƙofofi a inda lissafin sauti ya ce su zauna, ba inda yatsa ke iya kaiwa ba, sannan ya haɗa maɓallai da sanduna don yatsu tara su iya rufe su duka. Tsawonta kusan santimita 67, tana sauka har do. Sakamakon shi ne dukkan sautuka goma sha biyu suna fita kusan da ƙarfi ɗaya, kowane gida ana iya busa shi, kuma hawa na ɗaya yana da kauri.

Wannan ne ya sa ta mamaye kiɗan Kyuba na baya-bayan nan. Makarantun kiɗa na gwamnati da aka buɗe bayan juyin juya halin 1959 ita suke koyarwa, kuma ɗalibansu ne suka cika ƙungiyoyi. José Luis Cortés ya busa ta a Los Van Van, wadda Juan Formell ya kafa a 1969, ya wuce ƙungiyar Irakere, sannan ya kafa NG La Banda a 1988. Orlando Valle, wanda ake kira Maraca, shi ma ta Irakere ya bi. A Amurka an samu Dave Valentin da Néstor Torres. Kiɗan waɗannan mutane yana sauya gida a tsakiyar waƙa, yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙahonni, yana ɗauko jerin sautukan jaz. Mai maɓallai biyar za ta iya, amma da wahalar da ba ta da riba.

Inda take gazawa shi ne daidai inda caranga ta gina gidanta. An tsara ta ne don hawa uku, daga do zuwa do. Re na hawa na huɗu yana samuwa ga wanda ya yi aiki, mi da fa kuwa sai da matsananciyar iska da haɗin yatsu masu wuyar sauyawa, kuma sukan fito da faɗi da huci maimakon siririn kaifin ta katako. Ko a hawa na uku ma tana da 'yan tawaye biyu, mi da fa mai hawa, waɗanda kan fashe su faɗo ƙasa idan aka buge su da harshe da ƙarfi, saboda tsarin maɓallan yana buɗe ƙofa ɗaya fiye da yadda ake buƙata. Akwai ƙarin sanda da ake sawa don gyara mi ɗin, kuma ga mai busa caranga wannan ƙari ya cancanci kuɗinsa, domin mi na uku sauti ne da za ka buga sau ɗaruruwa a dare guda. Hawa na uku gaba ɗaya yakan haura sama idan aka busa da ƙarfi, sai a saukar da iska ƙasa kaɗan ta hanyar sassauta muƙamuƙi, ba murɗa sarewar ciki ba, don murɗawa na toshe ƙofar busa ta kashe ƙarfi.

Mabusan ta ƙarfe suna da dabarunsu. Layin da Egües zai kai fa na huɗu, sukan tsaya da shi a re ko do, su rama da kaifin harshe. Suna rage rawar murya da aka koya musu a makaranta, wadda ke sa caranga ta yi laushi fiye da kima. Wasu suna sa kan katako a jikin ta ƙarfe don sautin ya ɗan yi duhu. Matoshin kai kuwa a bar shi a milimita 17 daga tsakiyar ƙofar busa, inda zanen da ke jikin sandar share cikin sarewa ke nunawa. Wanda ya kwaikwayi mutanen ta katako ya tura shi ciki sosai zai ɓata daidaiton hawa biyu na ƙasa. Idan za a gwada, rabin milimita ya isa, a auna da na'urar daidaita sauti kafin a ƙara.

Rana da hunturu ba sa tsaga ta. Abin da ke kashe ta ƙura ce da rashin mai gyara. Tana da matasai kusan goma sha shida, da yawa a haɗe suke biyu-biyu ta hanyar ƙananan kusoshi, kuma idan ɗaya ya bar ƙofa da kaurin gashi, duk sautukan da ke ƙasa da shi sun raunana. Ana gwadawa da siririyar takardar naɗa taba: a sa ta ƙarƙashin matashi, a danna maɓalli a hankali, a ja. A yi haka a kusurwa huɗu, inda takardar ta zare ba tirjiya nan iska ke fita. Sauya matasai duka aikin ƙwararre ne. Wanda ke nesa da mai gyara ya zaɓi ƙirar ɗalibai ta kamfani sananne irin Yamaha ko Pearl ko Jupiter, waɗanda ke daɗewa ba su saki ba, ya guji marasa suna masu arha da ƙarfensu ke lanƙwasa a hannu. Mai ƙafar do, wadda ke tsayawa a do, ta fi dacewa da wannan kiɗa fiye da mai ƙafar si, wadda ke sauka har si: ta fi sauƙin nauyi, kuma ƙarin sautin ƙasa ba shi da aiki a caranga.

Abin da makirfo ya canza

Babbar hujjar ta katako a da ita ce ƙarfin ratsawa, kuma makirfo ya rage wa wannan hujja nauyi. Da lasifika, ta ƙarfe tana jiyuwa ko a hawa na biyu. A sa makirfo santimita biyar zuwa goma daga ƙofar busa, sama kaɗan da layin iska, da soso a kansa. A yanke duk abin da ke ƙasa da hertz 200, tunda sarewa ba ta da komai a can sai hucin numfashi da ƙarar konga da ke kutsowa. Ta katako kuma akasin haka take buƙata: mabushi ya ja baya idan zai hau can sama, in ba haka ba masu rawa na gaba za su toshe kunne. Shi ma mabushin ya sa abin kare kunne lokacin atisayen hawa na huɗu a ƙaramin ɗaki, musamman kunnen dama da ke gefen sarewar.

Sauya sheƙa daga wannan zuwa waccan

Mutane kan ɗauka wanda ya iya ɗaya ya iya ɗayar. Leɓe da numfashi suna bin mutum, yatsu ne ke rikicewa. Misali mafi kusa: toshe yatsu uku na hagu da manunin dama. A ta ƙarfe fa za ka ji, a ta katako fa mai hawa. Sauti ne da ke cikin kusan kowace jimla a gidan re da sol, don haka mai sauyawa zai yi makonni yana tuntuɓe a wuri ɗaya. Hawa na uku da na huɗu kuwa sabon karatu ne gaba ɗaya, kuma a ta katako haɗin yatsun da ya yi aiki a wannan sarewa ba lalle ya yi a waccan ba, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su. Kowane mabushi sai ya zauna da na'urar daidaita sauti ya rubuta jadawalin tasa.

Akwai kuma tarko biyu a kasuwa. Sarewar katako da ake ƙerawa yau don kiɗan Ayalan ta yi kama da ta caranga a ido, har akwai ta roba mai tauri wadda ba ta tsagewa, amma manyan ƙofofi gare ta, an gina ta don ƙarfin hawa biyu na ƙasa, kuma tana wahalarwa a sama. Sai fikolo, 'yar ƙaramar sarewa mai hawa ɗaya sama da babba. Tana kai sautukan cikin sauƙi, har wasu ƙungiyoyi na amfani da ita, amma muryarta fito ce, ba ta da jikin da babbar sarewa ke da shi idan aka matsa ta sama. Rabin daɗin caranga wannan matsawar ce.

To wacce?

Ga wanda bai taɓa busa sarewar gefe ba, ta ƙarfe. Ga wanda ke busa a ƙungiyar da ke haɗa salsa da ƙahonni da kiɗan zamani, ta ƙarfe. Ga wanda ke zaune inda hunturu ke sauka kuma kayansa na yawo a bayan mota, ta ƙarfe, ba tare da wani jin ƙasƙanci ba. A ganinmu abin da ke sa busa ta zama caranga harshe ne da zama a kan kilabe, wato bugu biyar ɗin nan da ke rabe uku da biyu a cikin gaɓa biyu, wanda duk kiɗan ke rataye a kai. Mabushin da ya san ta wane gefen kilabe jimlarsa ke farawa, yake buga kowane sauti da "tu" mai kaifi, yake haɗa "tu-ku" a wurin sauri, ya kuma san lokacin da zai yi shiru ya bar 'yan amshi, zai tayar da masu rawa da sarewar ɗalibai. Wanda bai san wannan ba, ko ta Fajardo aka ba shi ba za ta cece shi ba. Yammacin Afirka ma shaida ne cewa salon koyonsa ake yi: ɗaliban Mali da gwamnatin Modibo Keïta ta tura Havana a shekarun 1960, ciki har da Boncana Maïga ɗan Gao, sun kafa Las Maravillas de Mali, caranga cikakkiya da Kyubawa kansu suka yi rawa da ita.

Ta katako kuwa ta wanda ya riga ya yi nisa ce, wanda ke cikin ƙungiya mai goge da ke busa danson da ca-ca-ca na asali a gidajen re da sol da la, wanda kunnensa ya kai inda yake jin abin da ta ƙarfe ke kasa ba shi a saman re na huɗu. A wannan yanki babu gardama, ta fi, kuma abin takaici ne yadda masu busa ta ke raguwa. Irin wannan mutum idan zai saya, ya nemi wadda wani mabushin caranga ya riga ya yi aiki da ita, ko sabuwa daga maƙerin da ya san salon, maimakon wadda aka tono daga shagon tsofaffin kaya. Ya nemi a busa masa la a gaban na'ura bayan minti biyar na ɗumama, da bututun daidaitawa a buɗe milimita biyu ko uku, ya ga ta tsaya a 440. Idan sai an rufe bututun ƙurmus take kaiwa, ranar sanyi ba ta da inda za ta. Ya haska fitila cikin kowace gaɓa ya duba layin tsaga, musamman daga ƙofar busa zuwa ƙarshen kai. Ya toshe ƙofofin kowace gaɓa da yatsu, ya rufe ƙarshenta da tafin hannu, ya tsotsi iskar ciki: mai lafiya za ta kama leɓe ta riƙe na 'yan daƙiƙoƙi. Tsagar da aka ɗinke da kyau a guntun da ke bayan kai ba abin gudu ba ce, a rage kuɗi kawai. Wadda ta ratsa ta cikin ƙofar busa kuwa a bar wa mai ita.